Benci Mai Tambarin Ragon Layya

Karatuna na lakol, wato makarantar boko, ya tsaya a aji uku, ranar da malami ya tambaye ni babban birnin wata ƙasa na ce masa ban taɓa kai fatar sayarwa can ba. Saboda haka duk lokacin da maganar ilimi ta taso a gidanmu na unguwar Briqueterie, ni nake fara ba da shawara, ko an nema ko ba a nema ba, domin na san daidai inda ilimi yake ƙarewa.

Wata shekara ɗana na biyu, wanda yake tela, ya zo ya durƙusa ya ce zai tashi daga gidan gado. Ba faɗa aka yi ba. 'Yarsa ce, jikata da nake kira amaryata, ta yi ta zuwa lakol har takalma suka mutu, amma ko sunan sabulu ba ta iya karantawa. Ajinsu ya cika ya tumbatsa. A ƙasa take zama, bayan ƙofa, abin da take kallo tun safe har a tashi shi ne ƙeyar yaran gabanta. Uwarta ta ce ita dai a nemo unguwa mai makarantar gwamnati ta kirki, inda yarinya za ta zauna a benci ta ga allo da idonta.

Na ce, “To, sai na raka ka. Ba a aika yaro sayen rago shi kaɗai.”

Dillalin gidajen da muka samu wani siriri ne mai takalmi mai tsini, komai ka tambaye shi sai ya ce, “Papa, ai nan aljanna ce.” Aljanna ta farko a Ekoudou take, kwata ta ratsa ta bakin ƙofa, sai ka yi tsalle kafin ka yi sallama. Ta biyu bangonta ɗaya da mashaya, tun la'asar gadon ɗakin yake rawa da kansa. Na ce masa in haka aljannarsa take, ina tausaya masa ranar da zai ga ɗayan gidan.

Ta ukun can wajen Elig-Edzoa ce. Gida mai ɗaki biyu da famfo, masallaci da ɗan nisa amma ƙafa tana kaiwa, ga makaranta a kan tudu, an shafe ta da fenti ruwan ƙwai. Dillali ya sa mai gadi ya buɗe mana. Tsakar gida a share, ba hayaniya, ba wari, ajujuwa da benci a jere kamar sahun sallah. Ɗana har da shafa bango. Mu mutanen Briqueterie, in rago za mu saya sai mun buɗe baki mun duba haƙori, mun matsa gadon baya, mun ɗaga wutsiya. Makarantar da za mu kai 'yarmu kuwa, fenti muka kalla muka ce masha Allah. Ranar Laraba ce da yamma, kuma kowa ya san Laraba da tsakar rana ake sallamar yara. Ni na sani sarai. Ba a tambaye ni ba ne.

Aka kwashe kaya aka koma. Da aka buɗe makarantu, ɗana ya je wajen direkta, shugaban makarantar, ya dawo fuska a murtuke.

“Baba, wai ba wuri. Sai in mun kawo benci namu.”

“Waɗanda muka gani a jere fa? Haihuwa suka ƙi yi?”

“Wai makarantu biyu ne a gini ɗaya, kowane benci da masu shi.”

Na ce ba komai, amaryata ba za ta tare ba kayan ɗaki. Na sa kafinta na layinmu ya yi benci haɗe da teburinsa, da katako mai nauyi. Kafin a ɗora shi a kan kura, na aro jan fenti wajen maƙwabcina mai sayar da raguna, irin wanda ake yi wa ragon layya shaida da shi kada ya ɓace a garke. Na kifa bencin na zana masa da'ira da ɗigo biyu a ciki.

Ɗana ya ce, “Haba Baba, benci ne fa, ba tafiya zai yi ba.”

Na ce, “Duk abin da yake da ƙafa huɗu a garin nan tafiya yake.”

Bayan 'yan makonni suka zo gaisuwa ranar Lahadi. Yarinyar ta juya za ta ɗauko mini buta, sai na ga ƙafafunta duk cizon tururuwa. Uwarta kuma ta ce kullum sai ta wanke kayan lakol, jar ƙasa ba ta fita daga mazaunin.

“Amarya, ina gadon sarautar da na yi miki?”

“Tsoho, ai kwana kaɗan na hau. Wata safiya na zo babu.”

“Kika yi shiru?”

“Madam malamarmu ta ce an kai gyara. Kai ma ai ba ka iya zaɓen kafinta ba, shi ya sa zan sake miji.”

Washegari na sa babbar rigata, na shiga taksi, na biya na ɗauki surukata muka hau tudun nan da ƙafa. Tun kafin mu ga fenti hanci ya ba mu labari. Ban ɗakin makarantar ya cika tuntuni, an buga masa katako a ƙofa, yara sun mai da bayan katanga wurin biyan bukata. Ruwan daren jiya ya kwaso abin ya shimfiɗa shi a hanya, ƙananan yara suna tsallakawa da silifas, wasu ba sa ma tsallakawa. Na shekara da shekaru ina jeme fata, na ɗauka hancina ya gama ganin duniya. Sai da na toshe shi da hannun riga.

A bakin ƙofa, taku kaɗan daga wannan ƙazanta, wata mata tana tuyar fanke tana sayarwa da dafaffen wake, ƙudaje suna kai da komo tsakanin katanga da tirenta kamar an ɗauke su aiki. Gabanta wani ƙato ya baje a kan benci yana suɗe yatsu, yana goge su a gefen tebur. Katakon ya yi baƙi da mai, wake ya bushe a kai, an manna cingam a kusurwa. Amma ƙafafun nan na san su.

Na ce da ƙaton cikin Faransancina na aji uku ya ɗaga. Bai gane ba, ko ya ƙi ganewa. Surukata, wadda tun da aka kawo ta ban taɓa jin ta ɗaga murya a gabana ba, ta ce masa kalma biyu kacal, ya miƙe da kwanonsa a hannu. Muka kifa bencin. Ga da'ira, ga ɗigo biyu.

Mai fanke ta yi ta kumfar baki, wai direkta mijin yayarta ne, shi ya ba ta aro. Hayaniya ta fito da shi, da ƙullin wuya da alli a hannu.

“Papa, a yi haƙuri, kayan makaranta na kowa ne.”

“Na yarda, ranka ya daɗe. Wannan ƙaton aji nawa yake?”

Iyayen da suka taru suka fashe da dariya. Direkta ya duba agogo, ya tuna yana da aiki a ofis.

Surukata ta ce, “Baba, kama can.” Ni da ita muka ɗauka, babbar riga tana jan laka, muka ratsa tsakar gida har ajin. Yara sun cika shi har bakin allo. Amaryata tana can bayan ƙofa a ƙasa, littafi a cinya. Uwarta ta roƙi ruwa da toka wajen mai gadi, ta goge katakon sai da ya nuna farinsa, ta tura shi sahun gaba ba ta nemi izinin kowa ba. Da yamma na dawo da sarƙa da kwaɗo irin wanda mahauta suke ɗaure teburinsu da shi da dare, na ɗaure ƙafar bencin da ƙarfen taga. Makullin yana wuyan uwarta har yau. Yara huɗu suke matsuwa a kai da safe, wasu huɗu na ɗayar makarantar da rana, ban hana ba. Ban ɗakin kuwa yana nan yadda yake, sai dai yarinyar ta koyi riƙe fitsari har gida, wanda ba ya cikin abin da muka je nema.

Wajen ƙaramar sallah suka zo mana. Ina zaune a ƙofar gida ta tsaya tana kallon katangar lungunmu, tana motsa baki a hankali. Rubutun da ke jikin katangar ya fi ta shekaru, ni kaina na daina ganinsa.

“Tsoho, an ce an hana fitsari a nan.”

“Wa ya gaya miki?”

“Ga shi a rubuce. To me ya sa wurin yake wari?”

Na ce mata masu yin ba su samu benci ba ne. Ta ce in tashi in kawo ruwa mu wanke, ita ba za ta tare a gidan miji mai warin lungu ba. Na tashi na ɗauko bokiti.