Farfelar Gaba da Aka Cire wa Motar Yaya Hamisu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Hamisu, kuma har yau motar da ta kashe shi tana wucewa ta ƙofar shagona a unguwar Briqueterie, an yi mata sabon fenti. In na ji kukan injinta sai in tsayar da keken ɗinki har ta ɓace.

Yaya direba ne a wurin Malam Garba mai goro. Motar tsohuwar kat-kat ce, irin mai ja da ƙafa huɗu, da ita yake shiga ƙauyuka ɗauko goro. Ya iya lallaɓa tsohuwar mota ba tare da ta ci kuɗi ba. Da kansa yake juye mai, ya wanke matatar iska, ya zagaya unguwar Tsinga ya tsinto taya okaziyo, wato ta hannu, mai sauran rai. Abu biyu ne ba ya yarda a yi musu tsimi, birki da abin da ke ƙarƙashin mota.

A daminar shekarar zazzaɓi ya kwantar da shi. Farfelar gaba, ƙarfen nan da ke kai wa ƙafafun gaba ƙarfin inji, ta fara ƙara. Malam Garba ya kai motar gareji da kansa. Da ya ji tsadar sabuwa sai ya ce a kwance tsohuwar kawai, ai mota tana tafiya da ƙafafun baya, har shan mai ma zai ragu. Bai gaya wa Yaya ba. Yaya na miƙewa daga jinya ya tura shi daji.

Ni na raka shi, don jikinsa bai gama ƙwari ba. A wani hawa mai jan laka motar ta fara zamewa baya. Ya ce, “Sauka, Isuhu, ka sa mini dutse.” Na sauka. Ina kallo ya ja ƙaramar giya, hankalinsa kwance, yana jiran ƙafafun gaba su kama ƙasa. Ba su ko motsa ba. Motar ta sulale da shi cikin rafi, ni kuma ina tsaye da dutse a hannu.

Bakaniken garejin ne ya faɗa mini gaskiya ranar sadakar uku, yana kuka. Malam Garba kuwa ya zo gaisuwa ya ce kwana ne ya ƙare. Na sani, ba shi zai koya mini tauhidi ba. Bayan arba'in ya sa aka jawo motar aka gyara, har da sabuwar farfela. Ashe kuɗin akwai.

Bana Malam Garba zai tafi aikin hajji, yana bin gida gida neman gafara kamar yadda aka saba. Makon jiya ya iso shagona, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Isuhu, zan yi tafiya, a yafe mini duk abin da ke tsakani.”

Na ce, “Wanne daga ciki, Malam?”

Ya yi ta juya carbi. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi. Ko sunan Hamisu bai iya ambata ba. Na koma kan ɗinkina, ya gaji da tsayuwa ya tafi.

Na san abin da Yaya zai ce da yana raye. Zai dafa kafaɗata ya ce in bari, tsoho ne, duniya ce. Mutumin da ko ɗan mashin ya goge masa mota shi ke fara ba da haƙuri. Limamin unguwa ma ya aiko mini da nasiha, matata ta sa baki, duk na ji.

Abin da Yaya ya bari bai da yawa: 'ya'ya mata biyu da suka girma a gidana, da direbobin da har yau suke leƙa ƙarƙashin mota kafin su shiga daji saboda shi. Haƙurinsa kam da shi aka binne, ban gada ba. Malam Garba ya je ya yi ɗawafinsa, Allah ya kai shi lafiya. Ni ban yafe ba, kuma ba a nan nake so a yi mana shari'ar ba. Akwai ranar da Hamisu zai tashi ya tambaye shi da bakinsa, ina roƙon Allah ya tsayar da ni kusa in ji amsar.