Rigata da Allurar Baba Iro

Baba Iro ba ya kallon fuskar mutum. Duk wanda ya zauna a Nyanya ya san wannan. Kana yi masa sallama, idonsa na kan ƙirjinka, yana bin maɓallan rigarka daga wuya zuwa cibiya. In sun cika, sai ya amsa a daƙile, kamar ka hana shi abinci. In kuwa ɗaya ya faɗi, wayyo! Sai ka ga fuskarsa ta washe.

"Kai, ka mutu ne?"

"A'a, Baba."

"To me ya fito da kai ba maɓalli? Gawa kaɗai aka yafe wa. Tsaya nan!"

Kafin ka ce sauri kake yi, ya zaro allura daga jikin hularsa, da zarenta a shirye, ya cafke ka. Ba cire riga, ba neman izini. Kana cikinta zai ɗinka. In ka motsa ya soke ka, ya ce kai ka ja.

Da a ce irin naka zai sa maka, da da sauƙi. Ina! Yana da gwangwanayen madara cike da tsofaffin maɓallai, na ƙarfe da na ƙaho da na katako, wasu sun girme ni. Sai ya kalle ka, ya tona, ya zaɓo wanda a ganinsa ya yi kama da halinka. Mai cika baki ya sami ƙaton na tagulla. Marowaci ya sami ɗan mitsitsi kamar ƙwayar dawa. Wani direba mai yawan tsayawa gun masu abinci ba don abincin ba, ya sami ja mai siffar zuciya. Kafin la'asar duk tasha ta san hukuncin da aka yanke maka.

Abin da ya sa nake tsoronsa ke nan. Ni Haladu, rumfata ta gwanjo manne take da tasa a bakin tasha. Mun haɗu ne bayan soja sun koma bariki, lokacin da kuɗi ke zuba a Abuja, kowa na neman riga da lakataye don shiga ofis. Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata ya laƙaba mini Kunkuru.

"Kunkuru, an kai harafi na nawa? Jiya na ga jikanka, ya ce in ka iso yana jiranka a aji biyu."

Na saba da wannan, ba ya damuna. Amma ina da kaftani ɗaya na farar shadda. Ku da kuka san sana'armu kun san mai gwanjo ragowar jikin wasu yake sawa. Wannan ita kaɗai ce rigar da aka auna ni aka ɗinka, ba wanda ya taɓa yin zufa a cikinta sai ni. Ran Juma'a nake sa ta. Na rantse allurar Baba Iro ba za ta shige ta ba. Shi kuma yana da doka ɗaya da yake taƙama da ita: ba ya ɗinki sai inda aka rasa maɓalli. Saboda haka duk Alhamis sai na miƙa wa matata Asabe rigar ta ƙara wa kowane maɓalli zare, har suka zama kamar an kafa su da ƙusa.

"Ka gaishe da Asabe," in ji shi duk Juma'a, yana harar ƙirjina. "Ka ce mata zare ma yana tsufa."

Ranar da na fasa sabuwar dilar gwanjo kuwa, ranar idinsa ce. Kun san rigunan Turawa suna zuwa da maɓallin ajiya, ɗinke a ciki, can ƙasa wajen gefe. Ina ciniki da mutane, shi yana tsugune a bayana da reza, yana tsince su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, wannan ai sata ce!"

"Wace sata? Ɗan banza ne ba ya aiki, yana ɓoye yana cin albashi. Irin su ne suka cika sakatariya. Ni aiki zan ba shi."

Akwai wata ƙatuwar kwat ta ƙasar sanyi da ta fito a dila, mai nauyin buhun masara, da maɓallai na ƙaho. Ya nace sai na sayar masa. Ya cire maɓallan ya zuba a gwangwani. To amma Baba Iro ya jefar da abin da ya saya? Allah ya kiyaye. Sai ya riƙa sa ta. A tsakiyar bazara, kwalta na narkewa, ga shi nan cikin kwat, zufa na ɗiga daga gemunsa, ya ɗaure ƙugu da igiya don ba abin da zai riƙe ta.

Na ga dama ta samu. Na ce, "Baba, ka mutu ne? Ina maɓallinka?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Ni ai na kusa, gwaji nake yi. Kai mene ne uzurinka?"

Abincinsa kuwa daga furanni yake fitowa. Yana sayen tsofaffin huluna dara da malafunan Turawa masu kauri, ya yanyanka su da almakashi, ya jera kamar ganyen fure, ya dasa tsohon maɓalli a tsakiya, ya sa fil a baya. Matan ofis da matan coci suna rububinsu, suna maƙalawa a kafaɗa. Ba zan ɓoye ba, hannunsa na da kyau. Halinsa ne dai.

Wata rana Alhaji Mamman, Bazazzagin nan mai shagon atamfa, ya kawo masa jar dararsa a gyara mata tuntu. Bayan kwana biyu ya dawo karɓa.

"Ina hulata, Malam Iro?"

"Alhaji, asu ya riga mu. Ta gama zaman hula."

"To ba ni ita haka."

Baba ya nuna masa allon da yake jera kaya. Jajayen furanni reras, suna sheƙi.

"Innalillahi! Hular da na gada daga mahaifina?"

"A kanka wa ya taɓa yaba ta? Yau tun safe ake cewa masha Allah."

Alhaji ya yi ta kumfar baki, ya ce sai an je ofishin 'yan sanda. Ana cikin haka sai ga Hajiyarsa ta fito daga shago za ta biki, da jan fure a kan mayafinta. Tun jiya ta saya, ba ta san daga inda ya fito ba. Baba ya ce, "Ka gani? Gado bai bar gida ba." Alhaji ya yi wata guda yana zagayawa ta bayan tasha don kada ya gan shi.

Sai labarin yaron da muka haɗu da shi a bas, wanda kowa ke ba da shi yadda ya ga dama. Ni ina wurin. Mun shiga doguwar bas za mu cikin gari, cunkoson motoci ya riƙe mu tun kafin mu bar Nyanya. Kusa da Baba wani saurayi ne cikin kwat, da takardu a cinya, yana gyangyaɗi. Maɓallin hannunsa ɗaya babu. Na ce, "Baba, don girman Allah." Ya ce, "Yi shiru, kar ka tashe shi." Yaro bai farka ba sai da aka gama. Ya duba ya ga shuɗin maɓallin rigar mata a kan baƙar kwat.

"Oga, mene wannan? Ni intabiyu zan je fa!"

"To da haka za ka je, kamar wanda kare ya bi?"

Yaro ya sauka yana zagi da Turanci. Bayan sati sai ga shi da lemo katan guda, wai ya sami aikin. Shi ke nan, magana ta bazu. Masu neman aiki, masu neman biza, har da wani mai neman kansila, suka fara tsinke maɓallansu da gangan suna zuwa layi. Da wani ɗan kasuwar ne, da tuni ya buɗe reshe. Baba Iro kuwa sanda ya ɗauka.

"Ni boka ne? Wanda ya tsinke da hannunsa ya je uwarsa ta ɗinka masa! Kai mai neman kansila, ko riga ba ka iya riƙewa ba, za a ba ka unguwa?"

Duk wannan yana yi, bai manta da kaftanina ba. Wata Sallah bayan an sauko idi, mutumin da ko hannu ba ya son bayarwa sai ga shi ya buɗe hannuwa.

"Haladu ɗan'uwana! Zo mu yafi juna!"

Jin ya kira sunana na gaskiya ya kamata in gane. Ya rungume ni, yana ta addu'a, ni kuwa ina jin yatsunsa suna murɗa maɓallin wuyana kamar mai kunna rediyo. Ya murɗa, ya ja. Aikin Asabe ya tsaya daram. Ya sake ni ya yi tsaki.

"Wannan mata taka, walda ta koya?"

Daga ranar na fara taƙama. Duk inda aka zauna sai in ce ni kaɗai na gagari Baba Iro a Nyanya. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, Kunkuru. Ka gagara."

Ciwonsa bai daɗe ba. Ran wata Juma'a da hantsi ya cika, ina cikin waɗanda suka yi masa sutura. Da muka naɗe shi a farin ƙyalle, ba aljihu, ba maɓalli ko ɗaya, sai na ji tambayar nan tasa a kunnena, na rasa inda zan sa idona.

Da aka tsaya sahun jana'iza bayan an sauko masallaci, na waiga dama da hagu. Direbobi, 'yan kamasho, masu shayi, kowa da baƙon maɓalli a ƙirji. Ga na tagulla, ga jar zuciya. Har Alhaji Mamman, ashe shi ma an kama shi, da wani ƙaton baƙi a wuyan jamfa. Ni kaɗai ne fes cikin farar shadda. Abin da na yi shekaru ina taƙama da shi, ran nan sai na ji kamar baƙo ne ni a wurin.

A hanyar dawowa daga maƙabarta na ce wa Ɗanjuma, mai yi mini wanki da guga, "Ni dai har ya tafi bai ce mini komai ba."

Ɗanjuma ya tsaya ya dube ni. "Wa ya gaya maka? Ɗaga gefen rigarka ta ciki, can ƙasa."

Na ɗaga. Ga shi nan, ɗinke da farin zare, an yi masa ɗinki mai kyau. Ɗan ƙaramin koren maɓalli irin na rigar sanyin jarirai, mai siffar kunkuru, ya miƙa wuya gaba.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Sallar nan da ya rungume ka. Ya zo ya same ta a kan igiya. Na ce Baba, dokarka fa? Ya ce rigar kirki ba ta rasa na ajiya, taka babu, ke nan an rasa ɗaya. Ya ce in na faɗa maka sai ya ɗinke mini baki."

Wato duk murɗe-murɗen nan na ranar idi wasa yake yi da hankalina. Duk taƙamar da na yi a tasha, da kunkuru a gindin rigata na yi ta. Na tsaya a bakin titi ina dariya, har Ɗanjuma ya miƙo mini hankicinsa, don dariyar ta zo da ruwa.

Asabe ta ce bari ta kawo reza ta cire. Na ce ta bar shi. Da shi na je ranar da aka ba mu takardar gama aji, a hankali dai, amma na isa.

Allah ya jiƙan Baba Iro. Yadda ya bi mu da allura yana rufe mana inda muka yage, Allah ya rufa masa asiri, ya yafe masa hular Alhaji da maɓallan dilata, ni dai na yafe. Allah ya sa ya huta. Amin.