Guɗar Yaya a Wayar Maƙwabciya

Ko tsufa ya kwashe mini komai a kai, ranar da na jiyo guɗar Yaya ta katanga ba za ta fita ba.

Lokacin rikici ya kulle mu a unguwarmu ta Kilomita Biyar, ba shiga ba fita. Yayata da ta rene ni ta bi manyan motocin da suka kwashi mutane zuwa Kamaru, daga nan shiru. Watanni ba labari, har wasu sun fara yi mini ta'aziyya da ido.

Ni ba mai yawo ba ce, karatu kuma sai na salla, amma abin da kunnena ya ji ya ji ke nan. Ina tsakar gida da hantsi ina tuƙa tuwon rogo, sai maƙwabciyata mai sayar da atamfa ta kunna bidiyon wani biki a wayarta. Kalangu, hayaniya, sai guɗa. Guɗar Yaya daban take: takan karye a tsakiya kamar za ta yi tari, sannan ta haura sama. Da muciya a hannu na faɗa gidan.

"Don Allah mayar da shi baya."

"Lafiya, maman yara? Bikin 'yan gudun hijira ne aka sa a intanet."

"Yayata na ciki."

Ta danna. Hoto ya tsaya yana juyi. Mega, wato data, ya ƙare.

A lokacin kamfanonin waya gasa suke yi, kowa na cewa rezonsa, wato sabis ɗinsa, ya fi gudu, amma awonsu ɗaya: ɗan mega kamar ƙullin gishiri, ka kalli kaɗan su yanke. Dabararmu a da, a sayi sabon sim don kyautar megan da ke cikinsa, in ya ƙare a yar. To, gwamnati ta ce ba sim sai da katin shaida, ofishin kuwa yana can cikin gari inda ƙafarmu ba ta zuwa. Masu katin waya na unguwa ma kayansu ya yanke a makon.

Maƙwabciyar nan ta leƙa waje ta ɗaga murya, da Hausa da Sango, yaren ƙasar, duk mai ragowar mega ta fito da shi. Kafin tuwona ya kama, gida ya cika da mata, kowa da wayarta, kowa da kamfaninta.

Wautarmu kuwa, daga farko muke kunnawa. Farkon bidiyon wani abokin ango ne ke jawabi, ba ya gajiya. Wayar farko ta ƙare a bakinsa. Ta biyu ma haka. Wata tsohuwa ta ce, "Wannan ɗan, Allah ya ba shi aiki a gidan rediyo mu huta." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Saura waya ɗaya, ta matar mai gyaran babur, wadda Sango ya fi Hausa sauƙi a bakinta. Ta riƙe wayar gam, ta ce, "Ni megana ba na mutumin nan ba ne. A ina guɗar take?"

Na ce, "Bayan mai kalangu ya sauya kiɗa, jariri ya yi kuka, sai ita."

Ta riƙa jan bidiyon da yatsa, tana tsallakewa. Na runtse ido ina bin sauti. Kalangu ya juya. Jariri ya tsala kuka. Na ce, "Nan."

Na buɗe ido, ga Yaya. Ta rame, ɗankwali ya karkace, ludayi a hannu ɗaya, ɗayan ta kama hanci tana rangaɗa guɗa. Ta juyo ke nan kamar za ta dube ni, megan ya yanke.

Ba wadda ta damu. Gidan ya kaure da guɗa, tsohuwar nan har da rawa, maza suka leƙo a tsorace suna zaton wani abu ya faru. Tuwona ya ƙone ƙurmus.

Da katin waya ya dawo unguwa aka nemi wanda ya sa bidiyon, ya haɗa ni da Yaya a waya. Ina kuka ina sallama, Yaya ta katse ni: "Ke, bar kukan nan, kuɗi ke tafiya. Wa ke ba kajina ruwa?"

Tun daga ranar ban ƙara raina ragowar da ke hannun maƙwabci ba. Abin da bai ishi mutum ɗaya ba, in mata suka jera shi kai da kai, yana kaiwa har Kamaru.