Akushin Kaka Turai

A wani ƙauye na bakin gulbin Rima, kusa da Wurno, an yi wata tsohuwa mai suyar kifi, ana ce mata Kaka Turai. Karatunta bai wuce surorin salla ba, su ma takan ja su yadda ta ga dama. Dukiyarta kasko ne da wani baƙin akushi, wanda tun tasowar 'ya'yanta babu yaron gidan da ya taɓa cin tuwo a wani mazubi in ba shi ba. Mutanen garinmu har gobe da ita muke tinƙaho.

Zamanin Turawa ne, bayan sojojin Bama sun dawo gida. A lokacin rigima ta shigo ƙasar a kan tsayuwar salla: wasu na sakin hannu, wasu na ɗora shi a ƙirji. Babban ɗanta Lawwali ya tsaya a kan saki, irin na iyayensa. Ƙanensa Yusha'u ya je fatauci ya dawo da hannu a ƙirji. Turai ta ƙyale su, don a ganinta masu gemu sun san abin da suke yi.

Sai ranar da Sale, ɗan Lawwali, ya zo da tasa 'yar ƙwarya, ya ce a zuba masa daban, ba zai haɗa hannu da Isa ɗan Yusha'u ba.

"Maigidana, mi yai zahi?" in ji Turai.

"Sallassu ba irin tamu ba ta, Kaka."

"Kai, tsohon banza! Jiya-jiya nan ni ka hyace maka majina, yau ka zama alƙali?"

Ta yi dariya. Amma ta san in aka raba akushin nan yau, an raba gidan ke nan.

Ta rufe tuwon. Da la'asar ta wuce, ta ɗauki tsintsiya ta tasa jikokin biyu zuwa bakin gulbi. A nan kan rairayi masunta da masu ban ruwan albasa suke salla, kowa da irin tasa tsayuwar, su tashi su bar sawun goshi da hanci da tafuka da gwiwoyi.

Ta miƙa wa Sale tsintsiya. "Gwada min sawun waɗanda ba naku ba, ka share, kak su ɓata muna rairai. In ka gama sai in raba maka tuwo."

Sale ya sunkuya yana dubawa kamar mai neman allura. Ya je ƙarshen sahu, ya dawo. Can ya nuna wani. "Wanga nasu na. Dubi yadda yak karkace."

Isa ya leƙa, ya fashe da dariya har ya zauna. "Na Baba Lawwali na! Duk garin ga wa ad da hanci mai gina rame haka?"

Gaskiya ne, hancin Lawwali sai da aka san shi har kasuwar Goronyo.

"To share ubanka mana," in ji Turai.

Sale ya saki tsintsiya.

"Ɗiyana, ku duba da kyau," ta ce. "Duk inda hannu yat tsaya, goshi ƙasa ɗaya yaka zuwa, gabas ɗaya, don Ubangiji ɗaya. Ni ban san wada malamai za su ƙare ba. Ni dai akushina guda na."

Suka koma gida. Tuwo ya huce, miya ta daskare, amma hannu biyu ne suka shiga akushin, suna faɗa a kan kan kifi kamar kullum.

Lawwali da Yusha'u babu wanda ya sauya tsayuwarsa har suka tsufa, kuma Turai ba ta taɓa roƙonsu ba. Sai dai lokacin da wasu garuruwa suka raba masallaci, yaran garinmu sun riga sun mai da abin wasa: kowace la'asar su ruga bakin gulbi neman hancin Lawwali. Da suka girma, sahu ɗaya suka tsaya, mai saki kafaɗa da kafaɗa da mai ɗorawa. Shi kuwa Lawwali, ya koma zuwa salla da buzu.