Sunan Ɗan Fari a Gaban Mudir

Aikin hukuma ya same ni ina tsakiyar zawarci, a shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa Makka. An buɗe wani ɗan ofis a unguwar Zahir, ɗaki biyu da randa a bakin ƙofa, don taimakon mata marasa miji masu ƙananan yara. Duk wata a ba uwa gari da madarar gwangwani, a kuma biya wata tsohuwa ta riƙe mata yaron, ita ta samu ta fita wanki ko surfe a gidajen masu hali. An ɗauke ni ne saboda a unguwar Jarwal, nan Makka, aka haife ni, ina jin Larabci, kuma namiji ba ya shiga wurin mata.

Aikin bai bar ni da ƙawa ko ɗaya ba. Larabawan ofis su sha shayinsu ba wanda zai ce mini bismilla. Matan unguwarmu kuwa da sun hango ni sai hira ta mutu, wai 'yar hukuma ta zo ƙirga musu 'ya'ya. Ni da ko ɓari ban taɓa yi ba, me zan yi da 'ya'yan wani? Abin yana ci mini rai, amma ba wanda zan gaya wa. Abincin rana ma ni kaɗai nake ci a bayan ƙofa.

Akwai ƙa'ida guda da mudir, wato shugaban ofishin, ba ya ɗaga ƙafa a kanta: uwa ta tsaya a gabansa ta ce ɗanta ne, ta faɗi sunansa da bakinta. Yana da dalilinsa. Kowace shekara alhazai na rasuwa su bar yara, wasu su tsince su don su riƙa karɓar gari. Yaron da aka tabbatar ba uwarsa ce ke riƙe da shi ba, gidan marayu ake kai shi.

Wata ranar Talata wata yarinya 'yar ƙasar Sakkwato ta zo, siririya, goye da yaro ɗan shekara biyu. Ita da mijinta suka taso a ƙasa, suka ratsa Sudan, shi ya rasu kafin su hau jirgin ruwa. Tun a bakin ƙofa ta kwance goyon ta miƙo mini, ta koma gefe kamar ba tare suka zo ba. Nan gabana ya faɗi, don na gane.

Mudir ya tambaya ko ɗanta ne, na fassara. Ta sunkuyar da kai. Ya ce ta faɗi sunansa. Ta juya fuskarta bango.

Na ce masa, "Ɗan fari ne, ranka ya daɗe. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi a cikin mutane. Kunya ce."

Ya dube ni a tsanake. Ba mugun mutum ba ne, shi ma yana da 'ya'ya. Ya ce, "Hajiya, ban taɓa ganin uwar da ke jin kunyar ɗanta ba. Ta dawo Asabar. In ta faɗa, shi ke nan. In ba ta faɗa ba, zan aika a ɗauki yaron."

Bayan la'asar na hau dutse zuwa inda take, cikin 'yan rumfunan nan da ake yi da gwangwanin kananzir. Na same ta tana ba yaron farau-farau da hannu, ita tana lasar abin da ya rage a yatsunta. Raina a ɓace yake, ban ma tsaya dogon gaisuwa ba.

Na ce, "Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa? Za a raba ki da yaro saboda kalma ɗaya, kin tsaya kina kallon bango. Nan Makka ce, ba tsakar gidanku ba."

Ta ce, "Inna, sunan surukina gare shi."

"Ko sunan wa gare shi. Wa zai ji ki?"

Har na fara shirin tashi. Can ta ce, "A gida ba ni za a tambaya ba. Uwar mijina ce za ta amsa, ko gwaggona, ni in shige ɗaki. In na faɗa da bakina, na yarda ke nan ba su nan."

Na zauna a kan tabarmarta, tausayinta ya kama ni, har da na kaina. Na ce mata da zai yiwu da na amsa a madadinta, amma mudir ya san ban haihu ba, ya kuma san ba danginta ba ce ni. Na ce ba abin da zan iya yi mata sai in tsaya kusa da ita.

Ran Asabar ta riga ni isa ofis. Wannan karon ba ta miƙo mini yaron ba, ta ajiye shi a ƙasa yana wasa da takalmina. Mudir ya sake tambaya. Ta kama gefen mayafina ta ƙanƙame, ta ce, "Nawa ne." Sannan ta faɗi sunan, a hankali. Yaron ko ɗago kai bai yi ba, don bai taɓa jin an kira shi da shi ba. Na ji tsoron kada mudir ya ɗauki wannan hujja, amma ita yake kallo, hawaye na zuba har kan haɓarta. Ya buga hatimi, ya ce a auna mata gari, a nema mata mai raino kusa da ita.

Na raka ta har bakin titi ina riƙe mata buhun. Ta goya yaron, ta gyara zani, ta ce, "Inna, don Allah kada mutanen garinmu su ji na yi haka."

Na ce, "Ba mai ji daga bakina. Su wa da wa ke nan Makka daga garinku, in san su?"

Ta tsaya tana tunani, kamar mai neman suna da gaske.

Ta ce, "Babu kowa."

Na ɗora mata buhun a ka, ta kama hanyar dutse, ni na koma ofis.