Azumin Sadiya da Allurar Safe

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar uku ga watan azumin shekarar da na yi jinyar Sadiya ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun matsa min in rubuta muku wani abu cikin abin da na gani. To ga shi. Ku yi haƙuri da rubutun, sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci, yadda nake magana haka nake rubutawa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ofishinmu yana unguwar Sanyuanli, a nan Guangzhou ta ƙasar Sin. Mutanenmu na gida in sun kawo mara lafiya asibiti, wajenmu suke zuwa. Akwai Oga mai shirya takardu da masauki. Akwai tafinta mai shiga wajen likita. Sai mai jinya, wato irina, wadda take kwana ta tashi da mara lafiya. Mu ne a ƙasa. Ni da girki na fara, ina tuƙa wa 'yan kasuwar Kano tuwo, sai Oga ya ga na iya karanta agogo da lamba, ya mai da ni jinya.

Sadiya shekararta goma sha ɗaya, amma tsawonta bai wuce na 'yar shekara biyar ba. Irin yaran da a gida ake ce wa wada. Ba na son kalmar, ita ma ba ta so. Likitoci suna da wani dogon suna da harshena ya kasa. Abin da na gane, ƙashin hannu da na ƙafa ne ba sa miƙewa yadda ya kamata. Hankali kuwa ta fi wasu manya. Babanta, Alhaji Sabi'u, wandon jins yake sarowa daga garin Xintang yana turawa Kano. Uwar tana gida tana jego, shi ya sa aka ba ni ita.

Allura aka ɗora ta a kai don ƙashin ya ƙara tsawo, kullum sau ɗaya, a ƙarƙashin fata. Garin magani ne a 'yar kwalba, yana zama a firji, a haɗa shi da ruwansa, a ja daidai layin da aka nuna. Yau cinya, gobe ciki, jibi bayan dantse, ba a maimaita wuri. Sati guda nas tana koya min kafin ta sakar min hannu. Likitar, wata mace mai furfura, ba ta yi mana ƙarya ba. Ta ce ba zai mai da Sadiya doguwa ba, kaɗan-kaɗan yake ƙarawa, kuma yana aiki ne kawai kafin ƙashi ya rufe. Ta kafa doka ɗaya mai ƙarfi: kafin allura yarinya ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa cikin kofi, domin maganin yana saukar da jini. Aka ba ni littafi in riƙa rubuta lokaci, da wurin da na yi, da abin da ta ci, da duk abin da ya biyo baya. Ƙarfe takwas na safe muke yi.

Ɗakinmu a hawa na takwas yake. Alhaji in ya tafi Xintang yakan yi kwana biyu bai dawo ba. Sau ɗaya na fita da Sadiya a jirgin ƙarƙashin ƙasa, wasu suka ɗaga waya suna ɗaukarta hoto, daga ranar ta ce ta gama fita. Lokacin kuma damshi ne, bango yana gumi, wanki ba ya bushewa. Azumi ya kama ba kiran salla sai na waya, ba maƙwabcin da zai aiko da ƙosai. Daga ni sai ita sai ƙarar firji.

Ana saura kwana biyu azumi ta tambaye ni, "Iya, allura tana karya azumi?"

Ina wanke tukunya na ce, "Malamai sun ce irin taki ba ta karyawa." Ban ko juyo ba. Kuskurena na farko ke nan.

Na biyu, da yake ina azumi, in na ajiye mata burodi da ƙwai da shayi da kofin ruwa sai in tafi shanya ko shara, don kada in tsaya a kan abinci. In dawo in tarar da faranti wayam, in rubuta "ta ci duka". Ranar farko haka, ta biyu haka. Na ga ta yi laushi, na ce kewar uwarta ce.

Ranar uku na yi mata a cinyar hagu. Ba a yi nisa ba ta sauko daga gado za ta banɗaki, sai na ga ta dafa bango, ta sulale ƙasa. Leɓenta ya yi fari, goshi duk gumi. Na kwantar da ita na ɗaga ƙafafunta a kan matashi, yadda nas ta koya min. Garin jawo matashin na hangi leda a ƙarƙashin gado. Burodi da ƙwai na kwana uku. Ruwan da shayin kuwa ashe a tukunyar furannin mai gidan da muke haya take juyewa.

Na kawo ruwa da sukari. Ta datse haƙora.

"Buɗe bakin nan."

"Ina azumi."

"Azumin gidanku! Buɗe, ko in toshe miki hanci."

"Saura awa nawa, Iya? Zan iya."

Na ce, "Ke yarinya ce, kuma ana yi miki magani. Allah bai ɗora miki ba."

Ta dube ni daga kwance, ta ce, "Komai ba a ɗora min ba. Shara ba a ɗora min ba, aike ba a ɗora min ba. Ummi ƙanwata ce, ta kai azumi uku yau. Jiya a waya ta ce wai ni ai jaririya ce, a dama min koko."

Na zauna a ƙasa kusa da ita na ce, "Yau dai sha. In kin sha, ni zan je in yi miki faɗan azuminki, wallahi." Ta sha tana kuka, ruwan yana bin wuyanta. Can jini ya dawo fuskarta.

Na ɗauki littafi na soke "ta ci duka" guda uku, na rubuta gaskiya. Layi huɗu sai da suka ci min rabin awa. Sannan na kira Alhaji.

Da la'asar ya iso. Ya karanta, ya ce, "Hajiya, yage shafin nan. In likita ta gani za ta ce ba mu iya kula ba, ta dakatar da maganin. Kin san wahalar da na sha kafin a karɓe ta? Ni zan yi wa yarinyar faɗa, magana ta ƙare."

Na ce, "Alhaji, na haife ka. Faɗa ba zai hana ta ba, sai dai ta canja wurin ɓoyon burodi. Wata rana ta faɗi kanta ya bugi tayil ina shanya. Shafi ba zan yage ba. In ka ga dama ka ce wa Oga ya canja ni."

Ya fita baranda ya daɗe. Ni kaina ban san abin da likitar za ta yanke ba, kuma in ta dakatar, bakina ne ya jawo.

Washegari muka tafi da tafintarmu, Malama Rakiya, 'yar Damagaram. Likita ta sa aka fassara mata shafin. Ta auna jinin Sadiya a kwance, ta auna a tsaye. Alhaji ya fara ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu. Ta sauke kujerarta ƙasa har fuskarta ta zo daidai da ta yarinyar, ta yi magana.

Rakiya ta ce, "Wai me ya sa ba ki ci ba?"

Sadiya ta ce, "Ki ce mata shekarata goma sha ɗaya."

Sai likita ta shiga tambayar yadda azuminmu yake: yaushe ake ci, yaushe ake bari, ko ruwa ma ba a sha. Rakiya ta ce ko ɗigo, "meyo", wato babu. Ni kuma na sa baki ba a tambaye ni ba. Na ce a tambaye ta, dole ne sai da safe? Mu da magariba muke ci mu sha har ciki ya ɗauka.

Likita ta ce maganin bai san safe ko yamma ba, abin da yake so lokaci ɗaya kullum, da ciki a cike, da ruwa a jiki. Ta rubuta mana yadda za mu matsar da lokacin zuwa bayan shan ruwa. Amma ta kafa sharaɗi: ba kullum Sadiya za ta yi azumi ba, rana ɗaya ta yi, rana ɗaya ta huta. In jiri ya zo ta karya nan take. Bayan sati mu dawo awo, in jini ya sauka, azumi ya ƙare. Ta miƙa wa Sadiya hannu, ba ni ba, ba uban ba, ta ce ta yarda? Sadiya ta kama hannun ta ce ta yarda. Ni kuma likita ta ce min, ta bakin Rakiya, daga yau in zauna a gaban yarinyar har ta haɗiye lomar ƙarshe. Na karɓi faɗana, nawa ne.

Haka muka ƙarasa watan. Ranar azuminta in dama kunu, in soya ƙosai da waken da na samo wajen masu kawo kayan gida, mu shimfiɗa tabarma mu sa waya a tsakiya muna jiran ta kira salla. Ta ci, ta shanye kofinta ta kifa shi a gabana, ta ce, "Iya, rubuta." Sannan ta miƙo cinya. Sau ɗaya jiri ya zo mata da azahar, da kanta ta ce in ba ta ruwa. Azumi goma sha ɗaya ta samu. Ranar salla ta kira Ummi ta faɗa mata adadin sau uku, har da na ranar da aka karya ta so ta haɗa, na ce ban da ha'inci.

Bayan wata biyu uwar ta iso, na koya mata allurar, Oga ya tura ni wajen wani tsoho mai ciwon ƙoda. Ban san tsawon da Sadiya ta ƙara ba. A aikin nan ba a cika gaya mana ƙarshen labari ba, a karɓi makulli a ba ka wani.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, haɗa allura kowa zai iya koya a sati guda. Wanda ake yi wa allurar shi ne karatun. Yaran nan kowa yana auna tsawonsu, ba mai tambayarsu shekarunsu, ni ma da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban tambaya ba. In mara lafiya ya yi muku wata tambaya kuna wanke-wanke, ku ajiye tukunyar ku juyo. Kuma kada hannunku ya rubuta "ta ci" sai idonku ya ga ta haɗiye.