Jan Zanin Daeng Kebo

Ka taɓa gane zanin gidanku daga tsakiyar teku? Daeng Nompo, kukun jirginmu, yana ganewa tun kafin mu mu bambance bishiyar kwakwa da turken shanya. Daeng laƙabin girmamawa ne a wajenmu, na maza da mata.

Mu tara ne a jirgin katako mai tafiya da iska, muna kai gishiri daga garin Jeneponto zuwa tashar Bajoe, kullum gaɓa na hagunmu. Ni ke kula da kaya, don haka komai sai na ƙirga: buhu ɗari huɗu, tulun ruwa shida, kaji biyu. Shi kuwa da asuba ya hura murhunsa cikin akwatin yashi, ya ɗaure tukunya da waya don kada igiyar ruwa ta kifar da ita. Shinkafa, busasshen kifi, barkono, kofi mai ɗaci. Gobe ma haka.

Ƙauyensu na bakin gaɓa, amma duwatsun ƙarƙashin ruwa ba sa barin jirgi ya matsa. Sai matarsa Daeng Kebo ta riƙa rataya jan zani a dogon turke idan lokacin wucewarmu ya yi. Jan zani, gida lafiya. Babu zani, ya sauka a tasha ta gaba ya koma a ƙafa.

A wannan tafiyar ya baro ta da tari. Ranar da za mu wuce, shinkafa ta ƙone.

"Daeng, yau gawayi ka dafa mana?" in ji Rappe mai tuƙi.

"Ci ka yi shiru, ƙanena. Bakinka ya fi tukunyar faɗi."

Can sai ga ja. Daeng Nompo ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Yana nan, amma a rabin turke," ya ce. "Tsohuwar ta fara gajarcewa."

Muka yi ta dariya. Ya yanka kaza ɗaya, ya raba ta tara, ya ba ni wuya don in sami abin ƙirgawa.

Da muka dawo da lodin katako sai ya je gida. Ashe an binne Daeng Kebo tun kafin ranar nan da muka hango zanin. Ita ta sa 'yarsu Basse ta yi alkawarin rataya zanin, don kada ya sauka ya rasa rabonsa na ribar shekara. Iyakar inda hannun yarinyar ya kai ke nan.

Har yau yana dafa mana. In mun zo daidai ƙauyen sai ya juya wa gaɓa baya yana fifita wuta, ko da wutar na ci. Basse ba ta fasa ratayawa ba, kuma yanzu hannunta na kaiwa har ƙarshen turke. Ni ke leƙawa in ce masa, "Yana nan, Daeng." Ya gyaɗa kai.

Ka gwada, don Allah. In ka hango alamar gida daga nesa, duba inda aka rataye ta, ba launinta kaɗai ba.